Ɗan Mai Awo da Jirgin Kilo Goma

Malam Daouda taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa a gaban idonsa, ya kuma rama. Ni ce Zeinabou mai shagon kayan miya a La Guillotière, cikin Lyon, inda nake sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ga waɗanda kewar gida ta dama. Shi kuwa a Saint-Fons yake zaune, kudu da gari, unguwar da masana'antu suka yi wa ƙawanya.

A Damagaram aka haife shi. Ubansa, Kawu Abdou, mai awo ne a kasuwar Dole. Gero da dawa yake aunawa, in ya cika tiya ya yi mata tozo, sai ya sa hannu ya ƙara dintsi guda a kai. Wannan dintsin shi ne gyara. Kowane ɗan kasuwa yana yi, amma Kawu ya mai da shi kamar farilla: mai sayen tiya goma zai samu, wanda ya zo neman rabin tiya ma zai samu. Yakan ce wanda ya ba ka daidai abin da ka nema bai cuce ka ba, amma kuma bai ce ka dawo ba.

To, kyan ɗa ya gaji ubansa, Daouda kuwa ya gada har da ɗoriya. In ya haɗa maka shayi ka ce cokali biyu na sukari, biyu da rabi za ka sha. In ka ce ya raka ka bakin titi, sai ka gan ku tare a tashar jirgin ƙasa yana riƙe da jakarka. Matarsa Hapsatou ta daɗe da gane dabarar, in tana son albasa kilo guda sai ta ce masa rabi.

Yana saurayi ya zo Faransa. Ya yi shara, ya yi dako, daga baya ya samu shiga wata masana'anta a Saint-Fons da ke ƙera manyan tankunan zuba sinadarai. Ba da ƙarfe ake yin su ba. Wani ƙyalle ake shimfiɗawa, a shafe shi da rezin, wato wani ruwa mai danƙo da ake gauraya shi da abin daskararwa, in ya sha iska ya zama kamar dutse. A shimfiɗa, a shafa, a sake shimfiɗawa, har bango ya yi kauri. A wannan aiki kauri shi ne mutunci, domin tankin da aka zuba wa asid ba a so ya yi yoyo. Nan halin Daouda ya samu gida. Abokan aikinsa suka laƙaba masa «Encore un peu», wato ƙara kaɗan, yana kuma amsawa. Har ya yi ritaya ban taɓa jin an dawo da tankin da ya fito daga hannunsa ba.

Autarsa Raliatou ce ta jawo maganar jirgi. Tana makarantar firamare aka kwashe 'yan ajinsu zuwa Grand Large, wani babban tabki a gabashin Lyon inda ake koyon tuƙa ƙananan jiragen da iska ke turawa. Ta dawo da takalmi sharkaf, daga ranar ba ta sake zama lafiya ba. Ni abin dariya ya ba ni. Jinin Damagaram, garin da muka girma muna bin layin famfo da jarka, wai shi ne zai ce ba shi da sana'a sai wasa a kan ruwa. Amma Guillaume, mai koyar da su a kulob ɗin tuƙi na tabkin, ya ce yarinyar tana jin iska a fatarta kafin ta iso. Daouda ya riƙa kai ta duk ranar da babu makaranta. Yakan zauna a wani benci can nesa da gaɓa, carbi a hannu. Bai iya iyo ba, bai kuma taɓa yarda ruwan tabkin ya taɓa takalminsa ba.

Da ta girma ta tafi Paris karatun zanen jiragen ruwa, ta sauka wurin danginmu a La Courneuve. A shekararta ta ƙarshe ta zana nata jirgin tsere. A shagona ta yi mini bayaninsa, tana zaune a kan buhun shinkafa. Jirgin mutum ɗaya ne, bai kai tsawon ƙaramar mota ba, faɗin cikinsa bai kai na dardumar salla ba. A sama akwai ƙyallen da iska ke turawa. A ƙarƙashi kuma akwai wasu siraran fikafikai guda biyu da ke nutse cikin ruwa. In jirgin ya yi gudu sosai, fikafikan nan su ɗaga shi, gangar jikinsa ta rabu da ruwa, ya riƙa tafiya a sama kamar an ɗora shi a kan kwarakwara. Wanda ya riga tashi shi ke cin tsere. Kuma iskar Grand Large raguwa ce, ba ta ɗaga abu mai nauyi. Saboda haka ta yi lissafi, ta rage nan, ta rage can, ta ce gangar jirgin duka kada ta wuce kilo goma.

Na ce, «Kilo goma? Buhun nan da kike zaune a kai ya ninka shi.»

Ta ce, «Yauwa, Tanti, kin gane ke nan.»

Abokan karatunta sun aika zanensu ga masu ƙera jirage a bakin teku. Ita ta ce ba wanda zai taɓa nata sai ubanta, tunda hannunsa ya san rezin tun kafin a haife ta. Ranar da ta faɗa masa cewa kawai ya yi, «To, Allah ya ba mu iko.» Amma Juma'ar da ta biyo baya duk wanda ya yi salla kusa da shi ya ji labari, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ta kawo masa kayan aiki garejinsa: baƙin ƙyallen karbon mai tsada, rezin, da mul, wato kwarin da ake shimfiɗa ƙyallen a ciki ya ɗauki siffar jirgin. Ta kawo ɗan sikeli irin na masu yin kek, ta nuna masa abin da zai auna wa kowane shimfiɗi. Ta nanata masa cewa rezin riƙe ƙyalle kawai yake yi, ƙarfin yana cikin ƙyallen, duk abin da ya wuce awo nauyi ne kurum. Ya gyaɗa kai. Ta koma Paris.

Duk lokacin sanyin nan a gareji ya yi shi. Nakan leƙa ranar Lahadi da ɗan fanke a leda. Aiki dai na gwani, ba kumfa, ba tattara, ƙyallen ya kwanta lumui. Sai dai na ga yadda yake awo. Zai ɗora kofi a sikeli, ya zuba har lambar ta kai daidai, ya tsaya ya dubi kofin, sai ya sake karkata galan ɗin kaɗan. A kusurwoyi kuma yakan yanko ɗan ƙyallen da ba ya cikin zane ya manna.

Na ce, «Taubashi, ba haka yarinya ta ce ba.»

Ya ce, «Ke da ke saida daddawa mi kika sani ga rezin? Ɗan gyara ne. In auna ma ɗiyata daidai wa daida, kamar wata baƙuwa?»

Ni ma 'yar kasuwa ce, ban taɓa ƙulle kuka ban ƙara ɗan tsunke ba. Na ga abin bai kai cokali biyu ba, na ci fankena na tafi.

Da sanyi ya wuce ta zo ganin jirgi. Yana kan katako yana ƙyalli, Daouda na tsaye gefe ya saka sabuwar hula. Ta shafa shi, ta yi murmushi, ta sa hannu biyu ta ɗaga. Nan murmushin ya ɗauke. Ta rataye shi a ma'auni, ya ba da kilo goma sha uku da wani abu. Ta ce a kai shi tabki a gwada.

Na bi su. Iska na kaɗawa sama-sama. Jirage biyu irin nata suka fita tare da ita, suka ɗan yi gudu, suka miƙe sama suka wuce fyuu. Nata yana nan yana turza ruwa da ƙirji kamar saniyar da ta shiga tabki. Ta ja igiya, ta saki, ta koma baya, ta tsuguna gaba, ta kife sau biyu ta hau. Har la'asar ta yi sanyi gangar jirgin nan ba ta rabu da ruwa ba. Daouda na kan bencinsa, carbin ya tsaya a hannunsa.

A gareji suka yi maganar, ina tsaye bakin ƙofa.

«Papa, nawa ka ƙara?»

«Kaɗan-kaɗan ne, Rali.»

«Sau nawa?»



Ta ce, «Kilo uku, Papa. Ya hi tiya guda ta gero. Ka ɗaura mini tiyar gero a ƙahwa ka ce in tashi sama. Na hwaɗa maka, je t'ai expliqué, har sau nawa.»

Ya ce, «Na ga ya yi siriri da yawa ne.»

Ta ce sirantar ita ce zanen. Sannan ta faɗi abin da ya kashe masa jiki. Ƙyallen da ya rage na jirgi ɗaya ne tak, babu halin sayen wani. Tseren da za ta shiga yana farkon kaka, malamanta na Paris kuma suna jiran su ga ko zanenta zai tashi. Saboda haka za ta turo a ɗauki mul ɗin a kai wa masu ƙira a bakin teku. Ta faɗa da ladabi, kanta a ƙasa, wanda ya fi zafi.

Daga nan Daouda ya daina zuwa shagona. Hapsatou ta ce tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Mutumin da ya cika masallaci da labari yanzu ana sallamewa yake sulalewa. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, tausayin ya fi yawa. Mutum ya yi rayuwarsa duka ana yabonsa a kan abu guda, rana ɗaya ɗiyarsa ta ce abin nan shi ne aibinsa.

Na je Paris saro kaya, na ratse La Courneuve na same ta a ɗakinta, takardu ko'ina. Bayan mun gaisa na ce mata ta bar masa mul ɗin.

Ta ce, «Tanti, ba zai iya ba. Ba mugunta ba ce, na sani. Hannunshi ne ba ya tsayawa.»

Na ce, «Ke nan aka haihe ki, shi ya sa kike ganin sakaci ne. Kin taɓa jin ubanki ya buɗe baki ya ce yana son wani? Bai iya ba. Ubanshi ma bai iya ba. Da dintsi suke hwaɗi.»

Ta ce, «To, dintsin nashi ya hana ni tashi.»

Na ce, «Gaskiya ne. Amma in kika ɗauke mul ɗin nan, jirginki zai tashi, shi kuwa ba zai sake ɗaga kai ba.»

Ta daɗe tana murza biro. Ba ƙaramin abu na roƙe ta ba, karatunta ne gaba ɗaya za ta sake danƙa wa hannun da ya riga ya ɓata mata sau ɗaya. Ga shi ba za ta samu zuwa ta tsaya a kansa ba, tana da aikin koyo a wani ofis duk bazarar. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, da sharaɗi guda: ba zai gauraya ko ɗigo ba sai ina tsaye a kan sikelin.

Da na kai masa saƙo ya yi tsalle ya dire. Wai shi za a kawo wa mai daddawa ta yi masa sufeto. Na ce ai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, in ba ya so mota na nan tafe ta ɗauki mul. Washegari ya kira ni a waya, ko gaisuwar kirki babu, ya ce in zo da tabarau.

Na bar wa maƙwabciyata shago, na zauna a kujerar roba a gaban sikeli. Kofin farko ya zuba a hankali, lambar ta kai, ya tsaya. Ina kallonsa. Wallahi bai yi niyya ba, wuyan hannun ne ya karkata da kansa, ɗan gyaran ya zuba. Na daka masa tsawa. Ya dubi kofin, ya dubi hannunsa kamar na wani.

Ya ce, «Zeinabou, ba na iyawa.»

Na ce, «To sai a kira mota.»

Sai ya je kwandon shara ya ɗauko robar yawur, nonon nan na kanti, da aka shanye, ya wanke, ya goge. Ya gauraya rezin ɗin duka yadda ya saba, da gyaransa da komai. Sannan ya ɗora kofi mai tsabta a sikeli ya zuba daidai abin da Raliatou ta ce, ina karanta lambar da ƙarfi. Abin da ya rage ya kankare shi cikin robar yawur, ya ajiye a kan wata kanta da ke jikin bango. Da na kofin kaɗai ya shafe ƙyallen.

Haka muka yi har aka gama. Na ce masa ɓarna ce, ya daina haɗa abin da ba zai yi amfani da shi ba. Ya ce in kula da sikelina. Rezin ɗin cikin robar yakan yi ɗumi ya daskare, washegari ya ɓalle shi, ɗan dunƙule mai launin zuma, ya jera a kan kanta. Guntayen ƙyallen da hannunsa ya yanko don kusurwa ma nan suke komawa. Ban ga ya yar da ko ɗaya ba.

Aikin bai yi masa daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Da goga a hannu yakan ce ƙyallen yana jin ƙishirwa. Ranar da muka ciro gangar daga mul ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi amo kamar ƙwarya. Ya zauna a kan galan ya ce, «Cikin wannan ɓawon ƙwai zan sa ɗiyata bisa ruwa? In ya hwashe ko iyo ban iya ba, balle in ɗauko ta. Ji nake kamar ta zo gidana na auna mata tuwo.» Na so in tsokane shi, bakina ya ƙi. Na ce masa ita ta zana, ya yarda da ita yadda ta yarda da shi.

Ta zo ana saura 'yan kwanaki tsere. Ba ta shafa ba wannan karon, kai tsaye ta rataye shi a ma'auni. Kilo goma, da ɗan abin da bai kai nauyin albasa ɗaya ba. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, «Merci, Papa.» Ya ce, «Tantinki za ki gode ma, ita ce 'yar sanda.»

Ranar tsere iskar ta zo yadda ta saba, kamar ana roƙonta. Mu uku muka zauna a bencin nan, ni da shi da Hapsatou, ya ajiye wata jakar leda a tsakanin ƙafafunsa. Aka busa ƙaho. Jirage suka yunƙura, wasu suka tashi, wasu suka tsaya turza ruwa. Na Raliatou ya yi gudu, ya ɗaga hanci, ya koma, ya sake ɗagawa, sai ga haske tsakanin gangarsa da ruwa. Ya miƙe ya tafi shiru, ba ƙara ba fantsama. Hapsatou ta rangaɗa guɗa har Turawa suka waiwayo. Na juya in yi wa Daouda magana ban gan shi ba. Yana can bakin gaɓa, ruwa ya shanye masa takalmi har idon sawu, bai ma sani ba.

Ba ita ta ci ba, ta huɗu ta zo. Guillaume ya ce ga sabon jirgi a tserensa na farko wannan ba abin rainawa ba ne, ya kuma ɗauki hoton da za ta kai wa malamanta. Ta jawo jirgin tudu, jiƙe, tana haki tana dariya. Daouda ya bari mutane suka gama yi mata barka, sannan ya dawo benci ya ɗauki jakar ledar ya miƙa mata.

Ta karɓa da hannu ɗaya, nauyin ya ja hannun ƙasa. Ta buɗe. Dunƙulen rezin ne masu siffar robar yawur, tuli guda, da guntayen baƙin ƙyalle. Ta ɗauko ɗaya ta juya shi a tafinta, ta dube ni. Na ce kada ta dube ni, ni sikeli kawai aka ba ni.

Ta ce, «Papa, mi ne wannan?»

Ya ce, «Gyaranki ne. Na kowane shimhiɗi.»

Ta sake jinjina jakar. Dariyar ta tafi, idonta ya kawo ruwa.

«Duk wannan ka so ka ɗora mini?»

Ya ce, «Naki ne ai, ban hana ki ba. Na dai aje miki shi a tudu.»